Haruffan Hannun Hagu

Shekara talatin da huɗu Togashi Fumie ta yi tana gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a garin Tsuruoka. Jadawalin motocin safa, littattafan yaye ɗalibai, takardun sanar da rasuwa, babu abin da bai bi ta ƙarƙashin jan bironta ba. Ranar da aka rufe maɗaba'ar, mai wurin ya ce kowa ya ɗauki abin da yake so. Ita ta ɗauki tsohuwar kwamfutar da ke kan teburinta, ta kai ta gidan da suke zaune su biyu da yayarta Kinuyo.

Kwamfutar ta kwana biyu, manhajar da ke tafiyar da ita ta daina buɗe komai. Wani maƙwabci ya ba ta labarin wata babbar manhaja ta kyauta wadda 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke haɗawa, ya ce har da littafin jagora da Japananci mai nuna yadda ake ɗora ta daki-daki. Fumie ta buga jagorar a takarda, ta zauna za ta bi. Ba ta kai ƙarshen shafin farko ba sai da ta tsinci kuskure uku. Ta yi ƙoƙarin kawar da kai, ta kasa. Da manhajar ta hau, abin da ta fara yi shi ne aika saƙo ga adireshin da ke ƙasan jagorar.

Washegari amsa ta zo daga wani mai suna Ikarashi.

"Togashi-san, biyun farko kin yi gaskiya, na gyara. Na ukun ba kuskure ba ne, haka malaminmu na firamare ya koya mana rubuta kalmar."

Ta ɗauko ƙamus, ta rubuta masa lambar shafi, ta ƙara da cewa, "Malaminku na firamare ya yi kuskure."

Ya ce, "Ya rasu tuntuni, babu halin in kai masa ƙorafi. Na gyara. Akwai sauran shafi casa'in, in kina da lokaci."

Lokaci kam tana da shi. Mafarin ke nan.

Sau biyu a shekara ake fitar da sabon zubin manhajar, Afrilu da Oktoba. Duk lokacin da aka kusa, Ikarashi ne yake sabunta jagorar, shi ne kuma yake rubuta takardar da ke bayyana abin da ya canza. Yakan tura shafukan zauren da 'yan ƙungiyar suke haɗuwa a intanet, ita kuma ta buga su a takarda bayan karin kumallo, ta bi su da jan biro, ta jera kurakuran ɗaya bayan ɗaya ta mayar. Ba ta san yadda manhaja take aiki ba, ba ta kuma taɓa nuna ta sani ba. Amma ta san inda waƙafi ya kamata ya zauna, ta san umarnin da aka rubuta a shafi na sha biyu dole ya yi daidai da na shafi na sittin.

A ƙarshen kowane saƙo Ikarashi yakan ƙara layi ɗaya da bai shafi aiki ba. Yau teku ta yi fushi, jirgin ruwa bai tashi ba. Hankaki sun riga ni cin kanyar da ke bayan gidana. Na sayi sabon tabarau, kurakuran dai suna nan. Daga waɗannan layukan ta gane a tsibirin Sado yake, ta gane ba yaro ba ne, ta gane ba ya son dafaffen karas. Ita ma ta koyi mayar masa da layi ɗaya. Ba su taɓa yin waya ba, ba ta taɓa ganin hotonsa ba. Shekara tara ana haka.

Kinuyo ta girme ta da shekara shida, mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuwa bai tsufa ba. Takan leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Mijin naki na cikin akwati ya rubuto?"

"Yaya, ba mijina ba ne."

"Ai na sani. Da mijinki ne da ba ki yi masa wannan murmushin ba."

Fumie ba ta taɓa aure ba. Jinyar mahaifiyarsu ta cinye shekarun da ake yi, bayan nan kuma babu wanda ya tambaya. Ba ta ɗauki abin a matsayin rashi ba. Sai dai ta lura duk ranar da ta ga sunan Ikarashi a akwatin saƙo, shayinta yakan huce ba ta sha ba.

A Satumban shekara ta tara ne kurakuransa suka canza kama. Ta san nasa kamar yadda ta san tarin yayarta: kurakuran mai gaggawa ne, yakan zaɓi kalmar da ta yi amo ɗaya da wadda yake nufi, yakan buɗe baka a jimla ya manta rufewa. Yanzu kuwa haruffa ne suke zubewa. Kamar kowa, da haruffan boko yake dannawa kwamfuta ta mayar masa Japananci, don haka harafi ɗaya in ya faɗi sai kalmar ta fito wata iri. A shafi ɗaya ta ƙirga sha tara. Ta ɗauki takarda ta rubuta haruffan da suke ɓacewa: a, s, e, d, t. Ta daɗe tana kallonsu. Can ta ɗora hannuwanta biyu kan madannan kwamfutarta, ta ga dukansu a ƙarƙashin yatsun hagu suke.

Ta rubuta masa shi kaɗai, ba ta zaure ba. "Ikarashi-san, hannunka na hagu lafiya kuwa?"

Sai bayan kwana biyu ya amsa. "Sanyi ne ya fara shigowa, yatsun tsoho sai a hankali. Kada ki damu."

A Satumba babu wani sanyi, ta san da haka. Amma ba ta ga hurumin da take da shi na matsa wa mutumin da ba ta taɓa jin muryarsa ba. Abin da ta yi shi ne ta daina jera kurakuransa a zaure inda kowa zai gani. Takan gyara su gaba ɗaya ta tura da take guda, "ƙananan gyare-gyare". Saura kwana huɗu a fitar da sabon zubin ta ci karo da kuskuren da ya fi duka haɗari. A umarnin da ke share wani sashe na faifan ajiya kafin a ɗora manhajar, lamba ɗaya ta zube daga ƙarshen sunan sashen. Ta duba jagorar bara, ta duba ta Ingilishi. Duk wanda ya kwafi umarnin a haka, faifansa gaba ɗaya zai goge, da hotunan 'ya'yansa da komai. Ta mayar da lambar, ba ta gaya wa kowa ba.

Aka fitar da manhajar ranar da aka sa. Ikarashi ya rubuta wa zaure godiya a taƙaice, babu layin ƙarshe. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ta aika masa saƙo a Nuwamba, ta aika biyu a Disamba, ta aika na gaisuwar sabuwar shekara. Ta tambayi Mizoguchi, matar da ke shugabantar sashen rubuce-rubucen daga Fukuoka. Mizoguchi ta amsa cikin ladabi cewa su ma ba su ji daga gare shi ba, amma haka aikin sa-kai yake, mutane su zo su tafi, kuma an samu wanda zai karɓi jagorar.

Sabon marubucin ƙwararre ne. Kafin ya turo shafi sai ya bi shi da manhajar duba rubutu, don haka shafukan sukan zo tsaf. Fumie takan karanta shafi ashirin ba ta cire murfin bironta ba. Dusar ƙanƙara ta rufe lambun gidansu har saman katanga, ita kuma tana zaune kowace safiya a gaban takardu masu tsabta. Wata rana ta kama kanta tana karanta jagorar shekara shida da suka wuce, ba don ta gyara komai ba, don dai ta ji yadda yake jera magana. Yana da wata ɗabi'a ta cewa "yanzu sai ka ɗan jira" a duk inda kwamfuta za ta ɗauki lokaci, kamar yana tsaye a bayan mai karatu. Sabon marubucin ya cire su duka, ya ce ba su da amfani, kuma ba ta da hujjar musa masa.

Ranar wata Laraba cikin Afrilu, Kinuyo ta ajiye mata kwanon shinkafa da ƙarfi.

"Kin rame."

"Ban rame ba."

"Ni nake wanke siket ɗinki, na ga inda kika tsuke shi da allura. Ba ya taɓa aiko mana da kwalin kanya ba? Ina takardar adireshin da ke manne a jiki?"

Fumie ta jawo kwanon gabanta.

"Tana cikin ƙamus ɗinki, na gan ta. Sado ba bangon duniya ba ce. Ki je ki gano ko ya mutu, mu samu mu ci abinci cikin kwanciyar hankali."

"In na je in ce ni wace ce?"

"Ki ce ke ce wadda ta shekara tara tana gaya masa bai iya rubutu ba. Zai gane ki."

Ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa na farko zuwa Niigata, daga can ta shiga jirgin ruwa zuwa Sado. Tana riƙe da kwalin alewar wake da Kinuyo ta naɗe mata a ƙyalle. Awa biyu da rabi tana zaune a kan shimfiɗar fasinjoji tana shirya abin da za ta ce, in ta shirya sai ta rushe. A ranta ta daɗe da gina masa ɗaki: mutum dogo, shi kaɗai, da tagar da ke kallon teku. Sai a cikin jirgin ta lura bai taɓa ce mata shi kaɗai yake ba.

Motar safa ta sauke ta a wani ƙauye mai gidaje kamar talatin. Gidan yana bayan shagon gyaran injin kwalekwale, ba a ganin teku daga wurin. Ta danna ƙararrawa. Wata gajeriyar mata mai furfura ta zuge ƙofa, hannunta duk garin fulawa.

Fumie ta rusuna. "A gafarce ni, na zo ba sanarwa. Sunana Togashi, daga Tsuruoka."

Matar ta tsaya tana kallonta, sai fuskarta ta washe. "Togashi-san mai jan biro?" Ta juya cikin gida ta ɗaga murya kaɗan. "Baban Yuji, gyara zamanka. Wadda kake tsoro ta zo da kanta."

Sunanta Setsuko, matarsa ce shekara arba'in da shida. Ta jawo wa Fumie silifas, ta shige gaba tana ta ba da haƙuri kan hargitsin gida.

Yana zaune a kujera mai taya kusa da hitar ɗumama ɗaki, da bargo a cinyarsa. Ɗan ƙaramin mutum ne mai sanƙo da manyan kunnuwa. Hannunsa na hagu yana kwance kan bargon, yatsun a lanƙwashe, gefen bakinsa ya ɗan saki. Ya yi ƙoƙarin sunkuyar da kai.

"Togashi-san," ya ce. Muryarsa siririya ce, kalmomin suna fitowa da ja. "Na zaci kin fi haka tsawo."

"Ni ma haka na zata."

Setsuko ta yi dariya ta tafi haɗa shayi. Fumie ta durƙusa kan matashin da aka ajiye mata. Duk abin da ta shirya a jirgi ya gudu. Ta kalli kwamfutarsa a kusurwar ɗakin, an lulluɓe ta da tawul.

Shi ya fara ba ta labari, a hankali. Ma'aikacin rediyon jiragen ruwa ne kafin ya yi ritaya. Tun Agusta hannun ya fara yi masa nauyi, ya ce bari a fitar da manhajar tukuna sannan ya ga likita. Kwana shida bayan an fitar ya faɗi a bakin ƙofar wanka. Wata uku ya yi a asibiti.

"Na gani tun Satumba," Fumie ta ce. "Na gani, na rufa maka asiri. Da na yi surutu a zaure, da wataƙila wani ya tilasta maka zuwa asibiti."

"Kin tambaye ni, na yi miki ƙarya. Wannan nawa ne, kada ki ɗaukar mini."

Setsuko ta shigo da tire. "Ke daga ƙetaren teku kika gani. Ni da nake zuba masa miya kullum ban gani ba, ina ta yi masa faɗa yana zubar da tsinken cin abinci." Ta ajiye kofuna, ta sa gefen tawul ta share masa baki ba tare da ta ko kalli wurin ba, shi ma bai dakata da kallon Fumie ba. Fumie ta sunkuyar da kai tana gyara zaman kofinta.

"Saƙonnina sun iso?" ta tambaya.

"Huɗu. Ɗanmu ya buɗe mini su a waya."

"To me ya sa?"

Ya ce, "Na rubuta amsa. Da hannu ɗaya, layi uku, na yi kusan awa. Da na karanta sai na ga ko ɗan aji ɗaya ba zai rubuta haka ba. Kowa zan iya aika wa wannan, ban da ke."

Fumie ta ajiye kofinta. "Ikarashi-san, aikina ke nan. Shekara tara ba ka taɓa aiko mini da shafi mai kyau ba."

Kafaɗarsa ta dama ta fara girgiza, sai ta gane dariya yake yi. Setsuko ta ce, "Faɗa masa dai. Shekara tara muna cin abinci mu uku a gidan nan. Togashi-san ta ce kaza, Togashi-san za ta kashe ni. Har na taɓa tambayarsa ko in riƙa ajiye miki kwano."

Suka ci taliyar da Setsuko ta murza, da soyayyen kifi. Ya tambayi sabon marubucin, ta ce ya iya aiki. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya kalli taga. Ta ba shi labarin lambar da ta zube daga umarnin share faifai. Ya rufe ido, ya ce, "Da na kashe mutane da yawa." Bayan abinci maganarsa ta ƙara nauyi, kansa ya fara rinjaya. Setsuko ta gyara masa bargo ta ce lokacin barcinsa ne. Fumie ta miƙe, ta rusuna masa ko da yake ba ya ganinta, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda gaisuwa take bukata.

Setsuko ta raka ta tashar mota. A hanya ta ce, "Ba zai koma ba, kin sani. Likita ya ce hannun ya tafi. Shi kuma ba zai yarda a gan shi rabi-rabi ba, haka yake tun yana saurayi." Ta ciro wata tsohuwar ambulan daga aljihun rigarta ta aiki. "Rubuta mini lambar wayarki. Ni ban iya kwamfuta ba, amma na iya surutu."

Fumie ta kama jirgin la'asar. Ba ta shiga ciki ba, ta tsaya a baya tana riƙe da ƙarfe har tsibirin ya zama wani dogon duhu a kan ruwa. Kinuyo tana jiranta a tashar jirgin ƙasa da lema biyu.

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Yana da mata."

Kinuyo ta kalle ta, ta miƙa mata lema ɗaya. "Kirki gare ta?"

"Sosai."

"Wannan ya fi ciwo," in ji Kinuyo, ta kama hannunta suka tsallaka titi.

Ikarashi bai koma aikin ba. Fumie ta ci gaba da karanta shafukan sabon marubucin, wani lokaci ta samu kuskure biyu a babi guda, wani lokaci babu. Mizoguchi ta sa sunan Ikarashi a jerin waɗanda ake gode wa a ƙarshen jagorar, Fumie ta duba ta tabbatar an rubuta shi daidai.

Setsuko kuwa ta cika alkawari. Kowace Lahadi da hantsi wayar gidan takan yi ƙara. Takan ba da labarin gwiwarta, da surukarta da ba ta iya dafa kifi ba, da wanda ya rasu a ƙauyen. Shi ba ya karɓar wayar, ya ce muryarsa ba ta waya ba ce. Fumie takan ce "haka ne" da "ayya" a inda ya dace, tana manne da kan wayar a kunne sosai. A bayan muryar Setsuko akan ji rediyo yana karanta yanayin teku, wani lokaci ƙarar cokali a jikin kofi, wani lokaci gyaran murya. Ran da aka yi sa'a yakan ce wani abu daga nesa wanda ba ta iya kamawa, Setsuko ta ce, "Wai yana gaishe ki." Fumie ta ce tana amsawa. In an ajiye wayar takan ɗan zauna a wurin tukuna, kafin ta tashi ta taya yayarta shanya.